Sawun Tayar Seydou

Direban wata kamiyo, babbar motar kaya, da ta sauko daga Arlit ne ya kawo labari birgad, ofishin jandarma na Agadas, ko injin bai tsaya kashewa ba. Ya ce ga mutum can kwance gefen gudron, wato kwalta, inda hanya ke lanƙwasa kafin a hau tudu, babur ɗinsa yashe a gefe. Ajidan Hamidu, ƙaramin hafsan jandarma, ya ɗauki hula ya hau nasa babur. Shekarar fari ce, bakin hanya duk mushen shanu da na raƙuma, sun bushe kamar kirgi. Mutane sun saba da ganin mutuwa a hanya har sun daina juya kai.

Tun daga nesa Hamidu ya gane akwatin ƙanƙarar. Ya fashe, kwalaben allurar ƙyanda sun watse kan gudron suna ƙyalli. Seydou ne, malamin asibitin da ke kai allura sansanonin waɗanda yunwa ta koro. Seydou Bazabarme ne, Hamidu kuwa Bagobiri, abokan wasa ke nan, don haka tun ranar da suka san juna ba su taɓa gaisawa babu zagi ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Yau Hamidu ya durƙusa ya rufe masa ido, ya yi salati.

Ya ba kansa aiki don kada hawaye su kunyata shi gaban direbobin da suka tsaya. Ya bi gudron da ƙafa. Babu alamar wata mota ta taɓa babur ɗin. Tayar baya ce ta fashe a tsakiyar kwana, ta yi jifa da mutum. Ya duba ƙafar gaba, ya ga sabuwar taya mai zane kamar ganyen dabino. Ya zagaya ƙafar baya, ya durƙusa ya duba. Tsohuwar taya ce da ta cinye sumul, aka sake yi mata zane da wuƙa mai zafi. Inda wuƙar ta zurfafa har ta taɓa zare, nan ta tsage.

Wannan ba tayar Seydou ba ce, kuma ba wani ya gaya wa Hamidu ba, da shi aka zaɓo ta. Kafin azumi Seydou ya ja shi rumfar Gambo, mai sayen kayan da Turawa masu ƙetare Sahara kan sauke in sun iso gari. Gambo ya jera musu iri uku. Mai manyan haƙora ta rairayi ce, a gudron rawa take yi tana kuka. Mai tauri kamar ƙaho za ta yi shekaru, amma in an kwanta a kwana sai ta zame da mutum. Ta ukun tsakiyarta da tauri, kafaɗunta da laushi, tana jure doguwar hanya kuma tana riƙe ƙasa a kwana. Seydou ya yi ta danna su da babban yatsa yana shinshinawa kamar mai zaɓen kankana.

"Kai, Bazabarme da iyayi!" in ji Hamidu ranar. "Ko matarka ba ka yi wa wannan bincike ba."

"Ai ba matata ce tsakanina da ƙasa ba, bawana."

Ya ɗauki ta ukun, gaba da baya. Su biyu ne kacal irinsu a duk Agadas. Ga ɗaya nan a ƙafar gaba, ɗayar kuwa wani ya ɗauke ya bar masa ajali a madadinta.

Kafin Hamidu ya dawo da gawa, direbobi sun kai labarin tayar, Kumandan birgad ya riga ya gama nasa binciken daga kan kujera. Zamanin soja ne, abu ba ya lalacewa sai da mai laifi, kuma allurar kyauta ce daga waje, Yamai za ta tambaya.

"Sabotaj ne, zagon ƙasa," in ji Kumandan. "Wa ke taɓa tayoyin anfirmiyen nan, Seydou?"

"Illiya mai faci, mon kumandan. Amma..."

"Yana kaso tun ɗazu. Ya cire sabuwa ya sayar, ya sa masa ruɓaɓɓiya. In ayarin kamiyon soja ya gama lodi, da shi za a tafi gabas."

Kowa ya san abin da gabas ke nufi. Akwai wani gidan kaso can cikin Tenere inda ba a buƙatar katanga, kuma tsoho irin Illiya in ya shiga ba fitowa zai yi ba. Hamidu ya roƙi a bar shi ya bincika kafin ayari ya tashi. Kumandan ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba a hana mutum ɓata takalminsa ba.

Ya sami Illiya zaune a kusurwar kaso, hannuwansa a kumbure saboda igiya. Dattijo ne mai farin gemu, rabin baburan garin a hannunsa suka tsufa.

"Sannu, Baba Illiya."

"Yawwa, Ajidan. An yi mishi sutura?"

"An yi. Yaushe rabonka da motonsa, babur ɗin nan?"

"Kahin ciwo ya kada shi. Ya zo na ƙara mishi iska, ya tahi."

"Tayar baya fa?"

"Wadda na sa gabanka, ita ce. Ajidan, kai ma ka san shi. Mutumin da kullum sahe sai ya durƙusa ya danna taya kamar mai gaida sarki, shi zan canza ma taya bai gani ba?"

Maganar ta zauna wa Hamidu. Da a rumfar Illiya aka yi musanya, da Seydou ya gane kafin ya kai gida, ko da safen da ya biyo baya. Ke nan an yi ta ne bayan dubawarsa ta ƙarshe.

Daga nan ya wuce rumfar Gambo, ya sa aka sauke duk abin da ke rataye, aka ɗaga buhuna, aka leƙa bayan rumfa. Gambo na tsaye yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"An kawo maka ita sayarwa?"

"Ni? Mon ajidan, tayar da ko makaho ya shafa ya san ta Seydou ce? Wallahi ko kyauta aka ba ni yau ba ni amsa."

"Wa ke yi wa tsohuwar taya zane da wuƙa a garin nan?"

Gambo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka ce wa ba shi yi. Tun da aka rufe iyaka taya ta zama zinariya. Rabin masu moto da wuƙa da garwashi suke tahiya."

Gambo makwaɗaici ne, amma ba wawa ba ne, kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka gidan Seydou ba. Hamidu ya cire shi daga lissafi, ya fito da hannu biyu babu komai.

Kwanaki suka shuɗe, ana ta lodin kamiyo a barikin soja. Sai wata magana ta fara yawo a gari, daga bakin rijiya zuwa mahauta: wai Seydou bai kwanta ba. Wai kullum da hantsi ana ganin sawun tayarsa a tsakar gidansa, har ƙofar ɗakin matarsa, ba a ji ƙarar inji ba, ba a ga kowa ba. Mata suka fara ratse ƙofar gidan. Hamidu ya yi tsaki da ya ji, don babur ɗin na kulle a birgad, makullin a aljihunsa. Duk da haka ya tafi.

Gidan gado ne na tsohon gari, inda Seydou ya zauna da matarsa Ramatou, da wanta Abdou, ma'aikacin sarbis ɗin dabbobi na gwamnati. Abdou ne ya tarbe shi a zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kamar shi ne mai jinya.

"Ya haƙuri, Abdou? Ban gan ka wurin jana'iza ba."

"Ina Tawa, mon ajidan. Hatsi na tahi nema, gidan ba ko tsaba. Sai da na dawo na iske an rufe shi."

"Da moto ka je?"

"Da moto. Buhu guda na ɗauro."

"Da cinyayyar tayar nan taka da na tsayar da kai a kanta kwanan baya?"

Abdou ya sunkuyar da kai. "Allah ya kiyaye. Ta kai ni ta maido ni, ina isowa ta mutu. Na yar da ita."

Ramatou na cikin takaba, daga bayan labule ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce maigidan ya kwana biyu kwance da zazzaɓi, an ma ba shi hutu. Sai ga soja a ƙofa da sassafe, wai ƙyanda ta ɓarke a sansanin hanyar Arlit, umurni ne daga sama. Ya tashi yana rawar sanyi, ya rataya akwatuna hagu da dama har suka rufe ƙafar baya.

"Ya duba tayoyin?"

"Ya so shi durƙusa, sojan ya daka mishi tsawa." Ta ɗan ja labulen. "Ajidan, ka dubi ƙasa gaban ƙahwarka."

Ya duba. A cikin rairayin tsakar gida, tsakanin sawun ƙafafu barkatai, ga ganyen dabino kwance, tsaf kamar an buga hatimi. Tsawonsa bai wuce taki guda ba. Can gaba ga wani, can kuma wani, har bakin labulen. Babu layin da ya haɗa su, kamar babur ɗin na taɓa ƙasa yana tashi. Hamidu ya yi shekaru yana ɗaukar gawa bai ji komai ba, amma ranar ya ji kamar in ya waiwaya zai ga mutumin tsaye yana masa dariya.

"Kullum in na share, gobe ya dawo," in ji Ramatou. "Mi yake so gare ni? Ko Baba Illiya yake ma kuka? Wallahi ban yarda Baba zai cuce mu ba. Aminin mahaifinmu ne, shi ya yi mini walicci."

Hamidu ya waiwaya. Abdou na bakin zaure, ya juya wa tsakar gidan baya, ya ƙi kallon ƙasa.

Abin ya hana Hamidu sukuni. Ya yi ta juya shi a ransa har ya tsaya kan abu guda: ba a ganin sawun sai da hantsi. Me ke faruwa a gidan kafin hantsi? Sadaka. Tun bayan rasuwar, kowace safiya maƙwabta kan dama kunu da hatsin da Abdou ya kawo, matan sansani su shigo da ƙorai su karɓa.

Washegari ya zo da wuri cikin kayan gida, ya zauna kan dakali daura da ƙofar. Matan suka fara zuwa, Buzaye da Fulani da Adarawa, waɗanda bara suke da garke, bana ko akuya. Bai dubi fuskokinsu ba, ya san ba su son a duba. Ƙafafu yake kallo. Yawanci babu takalmi, sun tsattsage. Sai ga wata tsohuwa tana jan jiki da sanda, da baƙin takalmin taya a ƙafarta, sabo fil. Ta wuce, ta bar masa ganyen dabino a ƙasa, hagu da dama.

Ya jira ta fito, ya gaishe ta. Sunanta Kande.

"Inna, in ga takalminki?"

Ta ja ƙafa baya. "Ba sata na yi ba, ɗana. Sadaka ce."

"Na sani, Inna. Gani kawai zan yi."

Ya juya takalmin a hannu. Masu yanka takalmin taya na kasuwa da wuƙa mai sanyi suke aiki, suna tsoma ta a ruwa, bakin yankansu sumul yake fita. Wannan kuwa gefensa duk ya narke ya dunƙule, yana warin ƙuna. Da wuƙa mai zafi aka yanka shi, kuma hannun ba na mai sana'a ba ne.

"Wa ya ba ki?"

"Wani mutum, ya naɗe huska da rawani. Can tsohon sansaninmu na hanyar Ingal ya iske mu, ya zazzage su daga buhu, ya ce mu yi ma wani mamaci addu'a. Bai tsaya an gode mishi ba. Muryatai na rawa."

"Hanyar Ingal? Me ya kawo ki nan?"

"Soja suka kwashe mu suka zube bakin ƙoramar Telwa, nan gehen gari. Nan muka ji ana kunu gidan ga."

Ya mayar mata da takalminta. Ba shi da zuciyar da zai raba tsohuwa da takalmi a wannan ƙasa mai zafi, ko don shari'a.

Daga nan birgad ya nufa, ya buɗe ɗakin ajiya. Ranar farko taya ta ɗauke masa hankali, yau janti ya duba, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Na gaba tsaf yake, Seydou ba ya barin tsatsa ta kwana. Na baya kuwa ya lotsa wuri biyu, wayoyinsa uku an ɗaure su da waya. Ashe ba taya aka canza ba, ƙafar aka cire ɗungurungum aka sa wata. Wannan ba ya son mai faci, kowa da sifana zai yi kafin shayi ya tafasa, in dai babur ɗinsa irin na Seydou ne. Ya kwance ƙafar ya ɗauka zuwa kaso, ya ajiye gaban Illiya.

"Baba, ta wa ce?"

Tsohon ya dubi jantin. Yatsunsa masu kumburi suka kai kan ɗaurin wayar, suka tsaya, sannan ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Ban san ta ba."

"Kai da ke gane moto da kukanta tun daga kasuwa?"

"Na tsufa, Ajidan. Ban san ta ba."

"Gobe ayari zai tashi, Baba."

"Na ji suna ɗaure bidon ruwa jikin kamiyo." Ya juya fuska bango. "Ka tahi da abinka."

Hamidu ya fito zuciyarsa a jagule. Illiya ya san ƙafar, kuma ya zaɓi Tenere a kan ya faɗi sunan mai ita. Mutum nawa ne a duniya tsohon zai yi wa haka? Hamidu ya so a ce amsar wata ce daban, amma duk inda ya juya ƙofa guda yake gani.

Da la'asar ya koma gidan, ƙafar babur a hannu. Ya jingine ta a bangon zaure. Abdou na ganinta ya zauna ƙasa ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ina motonka, Abdou?"

"Tana ɗaki. Ba ta da taya."

"Fito da ita."

Ya turo ta, an lulluɓe ta da tabarma. Iri ɗaya ce da ta Seydou, duk kyautar da aka raba wa ma'aikatu ce shekara guda. Ƙafar gaba tsatsa da ɗaurin waya. Jantin baya tsirara, babu taya, amma yana ƙyalli kamar azurfar amarya.

"Bari in gaya maka abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini," in ji Hamidu. "Seydou ba ya hawa sai ya duba taya, ke nan an yi musanya yana kwance, moto na cikin zauren nan. Ba taya aka cire ba, ƙafa aka canza, kuma moto iri ɗaya da tasa da ke kwana kusa da ita taka ce. Ka ce ka je Tawa ka dawo da buhu a kan tayar da na gani da idona, wadda ko Ingal ba za ta kai ka ba. Tafiyar da ka kafa hujja da ita, ita ta nuna da tayar wa ka yi ta. Sannan ka ce ka yar da taka. Abdou, wa ke yar da roba a Agadas? Shambur, robar cikin taya, in ya mutu guga ake yi da shi, taya in ta mutu takalmi. Ko kai da tsoro ya kama ka, kana da tayar da duk gari ya sani, ba ka iya ƙona ta ba, ba ka iya binne ta ba. Hannunka bai yarda ba. Ka yanka ta takalma da wuƙar da ka saba zane da ita, ka kai sadaka inda kake zaton ba za ta dawo ba."

Abdou bai musa ko ɗaya ba. Hawaye na bin fuskarsa bai share ba.

"Na roƙe shi aro," ya ce. "Ya ce komi nashi nawa ne, amma ban da taya. Gidan ga kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, mon ajidan, Ramatou na dama mishi ruwan zahi tana ce mishi kunu ne. Na ce shina kwance, an ba shi hutu, kahin shi tashi na je na dawo na maida mishi abinshi, ko sani ba zai yi ba. Wa ya san za a aiko soja?"

"Wannan na yarda ƙaddara ce ta haɗu da ganganci. Illiya fa? Kana kallo aka ɗaure shi."

"Kullum sai in ce yau zan zo birgad. In na kai bakin hanya sai ƙahwahu su ƙi." Ya ɗaga kai, idanunsa jawur. "Na san takalma ne, Ajidan. Ni na yanka su, ai na sani. Amma can hanyar Ingal na kai su. Duk gidajen garin ga, mi ya sa sai ƙohwar ɗakinta? Wa ya nuna musu hanya? Ni dai tun da suka fara zuwa ban runtsa ba."

Hamidu na da amsa, soja da kunu, amma bai ba shi ba, don shi kansa amsar ba ta gama kwantar masa da rai ba. Sai suka ji motsi. Ramatou na tsaye bakin ƙofar ciki, ta fito daga ɗakin takaba, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Babu wanda ya san tun yaushe take nan.

"Yaya," ta ce. "Hatsin da muke ci ke nan?"

Abdou ya kifa kai a gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin gani. Ta juya ta koma ciki, suka ji ta saki labule.

Kumandan bai ji daɗi ba, don ya riga ya aika wa Yamai suna, amma janti biyu da mutum mai amsa laifinsa da bakinsa sun fi ƙarfin ɓacin ransa. Ya ce shi dai mutum guda aka ce ya sa a mota, bai damu da ko wane ne ba. Hamidu ya yi magana har muryarsa ta dushe, cewa wannan sata ce da ta zo da tsautsayi, ba sabotaj ba, a bar alƙali ya duba. Kumandan ya ce a faɗa wa Yamai haka in ta tambaya.

Da safe kamiyoyin suka yi layi a bakin bariki, injuna na ruri. An riga an ɗora Illiya bisa buhuna tare da sauran fursunoni. Hamidu da kansa ya hau ya kwance shi, ya riƙo shi har ƙasa, don ƙafafunsa sun sage. Tsohon na tsaye yana layi lokacin da aka wuce da Abdou ta gabansa, hannu a ɗaure. Abdou ya so ya durƙusa, soja ya tura shi gaba.

"Ka tafi gida, Baba," in ji Hamidu. "An wanke ka."

Illiya bai motsa ba. Ya bi kamiyon da ido har ta fita daga bariki ta miƙa gabas.

"Ramatou ta sani?"

"Ta sani."

"Ni kwanana nawa ya rage, Ajidan? Da ka bar ni na tahi, da ta rasa mutum guda, ta ci gaba da ganin wanta da mutunci. Yanzu ka gaya mini, wa ya rage mata?"

Hamidu ya dubi ƙurar da kamiyon ta bari. Ya yi aikinsa daidai, ya fitar da marar laifi, ya gano wanda ya jawo mutuwar amininsa, amma bai ji ko ɗigon daɗi a ransa ba, sai nauyi. Ya ce zai kai tsohon gida a babur.

"Ba gida za ni ba," in ji Illiya. "Kai ni wurinta. Wani ya kamata shi zauna a zauren nan."

Ya kasa riƙe kafaɗar Hamidu saboda hannuwan, sai ya jingina ƙirjinsa a bayansa. Hamidu ya ja babur a hankali, suka shiga tsohon gari.